Madubin gishirin Bolibiya: abin da hoto ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: mota tsaye a tsakiyar wani fili, gajimare a samanta, gajimare a ƙarƙashinta, mutane suna takawa kamar a kan iska. Ƙarƙashin hoton kuwa sai gardama ta kaure. Wannan ya ce haɗin kwamfuta ne, wancan ya ce ƙanƙara ce irin ta ƙasashen sanyi, wani kuma ya ce teku ne ya daskare. Wurin dai yana nan a duniya, sunansa Salar de Uyuni, a kudu maso yammacin Bolibiya cikin Kudancin Amurka. Farin da ake gani gishiri ne. Madubin kuma ruwan sama ne da ya kwanta a kansa, wanda sau da yawa bai kai idon sawu ba.

Ruɗanin da ya fi wannan girma shi ne wanda hoton ke dasawa a zuciyar wanda ya yarda da shi. Yana ɗauka wurin shan iska ne da za a je da la'asar a dawo kafin magariba, kuma yana ɗauka fili ne da ba shi da mai shi, ba abin da tayar mota za ta lalata a cikinsa. Alhali filin gishirin rana ɗaya ce kacal daga tafiyar kwana uku da ake yi a mota, a tsayin da babu kamarsa a ko'ina cikin Nijeriya da Nijar, cikin ƙasar da mutane ke zaune suna neman abinci, tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, kuma gwamnati da manyan kamfanonin duniya suka zura wa ido.

Kalmomin da za a yi ta cin karo da su

Salar kalmar Sifaniyanci ce da ta samo asali daga sal, wato gishiri. Ana faɗinta ga kwarin da ruwa ke gangarowa cikinsa ba shi da mafita zuwa teku, rana da iska su ƙafar da ruwan, gishirin ya rage a shimfiɗe kamar daɓe. Laguna ƙaramin tafki ne marar zurfi, kuma na wannan yanki yawancinsu ruwan zartsi ne da ba ya shayuwa. Altiplano shi ne shimfiɗaɗɗen tudun da ke tsakanin jerin tsaunukan Andis guda biyu, ya ratsa Peru da Bolibiya ya taɓa Cile da Ajantina, tsayinsa ya doshi mita 3,700 daga doron teku. Dutse mai aman wuta shi ne wanda narkakken dutse da toka da tururi ke fitowa ta bakinsa daga cikin ƙasa. Wasu sun mutu tuni, wasu barci suke yi, wasu har yau suna fitar da hayaƙi. Mota mai jan ƙafa huɗu, wadda muka fi sani da jif, ita ce wadda injinta ke tura tayoyinta huɗu gaba ɗaya, don haka take iya rairayi da taɓo da duwatsu inda ƙaramar mota za ta kafe. Soroche kuma shi ne sunan da mutanen Andis suke kiran laulayin da tsayi ke sa wa baƙo.

Inda gishirin ya fito

Shekaru dubbai da suka wuce kudancin Altiplano manyan tafkuna ne. Masana ƙasa sun sa wa biyu daga cikinsu suna Minchin da Tauca. Da yanayi ya juya ruwan sama ya ja baya, sai tafkunan suka ƙafe, suka bar gishirin da koguna suka daɗe suna wankowa daga duwatsu. Abin da ya rage shi ne filin Uyuni, da ƙaninsa Coipasa a arewa, da tafkin Poopó wanda shi ma ya ƙafe ƙurmus a ƙarshen 2015. Faɗin Uyuni ya haura murabba'in kilomita 10,000, wato kusan rabin Jihar Kano, yana kwance a tsayin mita 3,656, kuma babu filin gishirin da ya kai shi girma a duniya. Shimfiɗarsa ta kai matuƙa: daga wannan gefe zuwa wancan bambancin tudu da gangare bai kai mita 1 ba, shi ya sa masu taurarin ɗan'adam suke auna na'urorinsu na gwada tsayi da shi.

Wannan shimfiɗa ita ce sirrin madubin. Daminar can tana faɗowa tsakanin Disamba da Maris, lokacin da mu muke cikin hunturu da bazara. Ruwa ya sauka, ba shi da kwarin da zai gangara, sai ya bazu siriri a kan farin gishiri. Idan iska ta kwanta, sama ta sauko ƙasa, mutum ya rasa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Daga Mayu zuwa Nuwamba kuwa babu madubi. Abin da ake tararwa shi ne busasshen daɓe mai zanen gida-gida, galibi masu kusurwa shida, kowanne kamar taki ɗaya ko biyu, da ɗan tudun gishiri a gefensa mai ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi. Mai kallo zai tuna da yadda laka ke tsattsagewa a fadama da rani, sai dai wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna zanen yana bin yadda ruwan gishirin da ke ƙarƙashi yake juyawa, mai nauyi yana nutsewa, marar nauyi yana tasowa. Domin a ƙarƙashin ɓawon, wanda kaurinsa ke kamawa daga 'yan santimita a wasu gefuna zuwa mitoci da dama a ciki, akwai ruwa mai kaurin gishiri. A riƙe wannan, don rigimar da za a zo kanta a gaba a cikin ruwan nan take.

Aimara, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na yankin, suna da nasu labarin. A arewacin filin akwai dutsen Tunupa mai tsayin mita 5,321. Sun ce mace ce da mijinta ya guje ta tana shayarwa, hawayenta da nononta suka haɗu suka malale suka zama farin filin. Da yawa daga mutanen wurin sun fi son a kira shi da sunan Tunupa.

Kwana uku a hanya

Yawancin matafiya suna tashi daga garin Uyuni, wanda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin mahaɗar layin dogo mai kai ma'adinai zuwa tashar ruwa ta Antofagasta. Zangon farko, kilomita 3 daga gari, maƙabartar jiragen ƙasa ce: kawunan jirage masu aiki da tururi, yawancinsu ƙirar Ingila, da aka watsar bayan kasuwar ma'adinai ta karye, iska mai gishiri tana cinsu da tsatsa. Daga nan sai ƙauyen Colchani a bakin filin, inda ake kankare gishiri da shebur, a tara shi tsibi-tsibi ya tsane, a busar a kan wuta, a niƙa, a zuba masa sinadarin aidin mai maganin maƙoƙo, a ƙulla a leda. A tsakiyar filin akwai Incahuasi, tsibirin dutse cike da wasu dogayen tsirrai masu ƙaya, kamannin ƙyarana amma tsaye ƙyam kamar turaku. Suna ƙaruwa da kimanin santimita 1 a shekara, kuma wasunsu sun kai mita 10, sai mai karatu ya yi lissafin shekarunsu. A lokacin da ruwa ya yi yawa motoci ba sa iya kaiwa tsibirin, don haka wanda ya zo don madubi sau da yawa yakan rasa Incahuasi, wanda ya zo don Incahuasi kuma ya rasa madubi. Ana kwana a gefen filin, a masaukan da bangonsu da gadonsu da teburinsu duk tubalin gishiri ne.

Rana ta biyu ake barin gishiri a nufi kudu, kuma daga nan hawa ake yi. Ana wuce dutsen Ollagüe da ke kan iyakar Cile yana fitar da siririn hayaƙi, a bi ta jerin ƙananan tafkuna irin su Cañapa da Hedionda, wanda ma'anar sunansa mai wari, saboda farar wutar da ke cikinsa. Sai hamadar Siloli, inda iska mai ɗauke da yashi ta sassaƙe wani dutse ta bar shi da siririn gindi da faffaɗan kai, ana kiransa Bishiyar Dutse. Da yamma ake isa Laguna Colorada, jan tafki, a tsayin mita 4,278.

Wannan tafki ya cancanci a tsaya a kansa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 60, amma zurfinsa a mafi yawan wurare bai kai mita 1 ba. Jan launinsa, wanda ke kamawa daga ruwan goro zuwa na jini gwargwadon rana da iska, yana fitowa ne daga wata ƙaramar gansakuka mai son gishiri da kuma lakar ƙasan tafkin. A cikinsa akwai fararen tsibirai na boras, wani gishirin ƙasa ne dangin kanwa a ido, ana amfani da shi wajen yin gilashi da sabulu. A tsakanin ja da farin nan dubban filamingo suke tsaye, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon wuya kamar zalɓe, gashinsu ruwan hoda, kansu sunkuye cikin ruwa suna tace abinci da lanƙwasasshen baki. Nau'i uku ne a wurin. Ɗaya daga ciki, wanda ake kira na James, an ɗauka ya ƙare a duniya tun shekarun 1920, sai a 1957 aka sake gano shi a wannan tafki. Macen tana yin ƙwai ɗaya tak a kan ɗan tudun laka da suka gina. Tafkin yana cikin gandun Eduardo Avaroa da aka kafa a 1973, mai faɗin hekta sama da 700,000, kuma shi ne wuri na farko da Bolibiya ta sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 1990.

Rana ta uku da asubar fari ake tashi, cikin sanyin da a watannin Yuni da Yuli yake kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri, a hau zuwa Sol de Mañana, kusan mita 4,900. A nan ƙasa take tafasa. Ramuka ne na laka mai toka-toka tana ɓararraka kamar talge a tukunya, tururi yana huci daga tsagogi, ko'ina warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ɓawon ƙasar da ke gefen ramukan siriri ne, yana iya ruftawa da mutum. Daga nan a gangara zuwa ruwan ɗumi na Polques, a ratsa hamadar da aka sa wa sunan mai zane Salvador Dalí, a ƙare a Laguna Verde, koren tafki a gindin dutsen Licancabur mai tsayin kusan mita 5,920. Korensa na ma'adinai ne, ciki har da asanik, wanda guba ne, kuma yana fitowa sosai ne idan iska ta motsa lakar ƙasa. Wasu daga nan suke ƙetarawa Cile zuwa garin San Pedro de Atacama, wasu su juyo Uyuni. Zagayen gaba ɗaya ya doshi kilomita 1,000, mafi yawansa babu kwalta.

Tsayi, haɗarin da ba ya fitowa a hoto

Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba. Jos da muke wa kallon tudu kimanin mita 1,200 ce. Ƙololuwar Nijeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ce, ta Nijar kuma a duwatsun Bagzan na Abzin ta ɗan haura 2,000. Laulayin tsayi yakan fara kama mutane ne daga mita 2,500. Ke nan wurin da tafiyar Uyuni ke farawa ya riga ya wuce duk wani tudu da jikin yawancin masu karanta wannan ya taɓa sani.

Mutane kan ce iskar oksijin ce ta yi ƙaranci a sama. Daidai maganar shi ne kasonta a cikin iska bai canza ba, kashi 21 cikin 100 ne ko'ina. Nauyin iskar ne ya ragu, don haka kowane numfashi yana shigar da kaɗan. A Uyuni mutum yana samun kimanin kashi biyu cikin uku na abin da yake samu a bakin teku, a Sol de Mañana kuwa ya ɗan haura rabi. Alamomin farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci. Yawanci suna lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a ƙara hawa ba. Idan aka matsa, abin yana iya zama ruwa a huhu, mutum yana haki ko a zaune yana tari mai kumfa, ko kumburin ƙwaƙwalwa, ya riƙa tangaɗi da sambatu. Waɗannan biyun suna kisa cikin sa'o'i, kuma babban maganinsu a sauko da mutum ƙasa nan take. Ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa karewa.

Shawarar likitocin tsauni ita ce, bayan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. A nan wata matsala ta tsarin tafiyar take fitowa. Wanda ya taso daga ɓangaren Cile yana barin San Pedro, mita 2,400, da safe, ya kwana a sama da mita 4,000 a daren ranar. Wanda ya taso daga Uyuni bayan ya yi 'yan kwanaki a biranen tudu irin La Paz ko Potosí ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. A kudancin gandun kuwa asibitin kirki tafiyar sa'o'i da yawa ce a kan gargada, kuma duk inda aka juya tudu ne.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye wanda takardun tallan tafiyar ba sa faɗa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar sikila, abin da asibiti ke rubuta wa AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a gida, da yawa ma ba su san suna da shi ba. Amma likitoci sun tabbatar cewa a tsayi irin wannan jininsa yana iya lanƙwashewa ya toshe hanyoyin jinin saifa, ya ji matsanancin ciwo a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma an sha ganinsa a matafiyan Andis, kuma ana iya kuskurensa da wani ciwon ciki har a yi aikin da ba a buƙata. Mai cikakkiyar sikila kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce.

Mutanen Andis suna tauna ganyen koka ko su sha shi kamar shayi don rage gajiya da ciwon kai. Matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu, ana miƙa wa baƙo, ana rabawa a taro, kuma tsarin mulkin Bolibiya na 2009 ya ba shi kariya. Yana iya rage jin jiki, amma ba ya hana ruwa taruwa a huhu. Kuma tun da daga shi ake sarrafa hodar ibilis, wanda ya sako ko ƙulli ɗaya a jaka ya dawo da shi gida ya ɗauko wa kansa shari'a.

Mota da direba

Motar da ta mamaye wannan hanya Toyota Land Cruiser ce, yawanci tsohuwa, fasinja shida da direba. A kan rufinta ake ɗaure jakunkuna, jarkokin mai, tukunyar gas da safaya taya, a lulluɓe da tamfol, domin babu gidan mai a kudu. Direban shi ne jagora, shi ne bakanike, wani lokaci shi ne kuku. Aikinsa ya fi yadda ake zato wuya. A tsakiyar filin babu alama sai ƙololuwar duwatsu masu nisa da baƙin sawun tayoyin da suka gabata, idan ruwa ya rufe kuma ko sawun babu. Gefunan filin laka ce mai laushi a ƙarƙashin siririn ɓawo, dole a shiga a fita ta 'yan hanyoyin da aka cike da duwatsu, wanda ya kauce ya nutse har ƙirji. Ruwan gishiri yana cin wayoyi da ƙarfen ƙasan mota, shi ya sa direbobi ke rufe ƙasan inji, su yi tafiyar hawainiya cikin ruwa, su wanke motar tas da an dawo. Injin kansa yana shan irin wahalar fasinja: wanda ba shi da na'urar cusa masa iska yana rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a kan tudun kudu.

Garin Uyuni cike yake da ofisoshin shirya tafiya, kusan hanya ɗaya suke sayarwa, don haka gasarsu a farashi take. Idan farashi ya faɗi, inda ake ragewa sananne ne: taya, birki, ɗamarar kujera, tukunyar oksijin, wayar tauraron ɗan'adam, da hutun direba. Matafiya sun daɗe suna kokawa da gudu da gajiya da shaye-shayen wasu direbobi. A watan Mayun 2008 motoci biyu suka yi karo gaba da gaba a tsakiyar filin gishirin, inda babu kwana babu gargada, man da ke kan rufi ya kama da wuta, mutum 13 suka rasu, cikinsu 'yan Japan 5 da 'yan Isra'ila 5. Ba adalci ba ne a shafa wa duk direbobin baƙin fenti, don da yawansu 'yan yankin ne da suka san ƙasar kamar tafin hannunsu, kuma su ne ke ceton junansu idan mota ta mutu a daji. A ganina laifin ya fi rataya a wuyan tsarin da ke biyan direba kaɗan ya sa shi tuƙi daga asuba zuwa dare kwana uku a jere, ya dawo ya sake ɗaukar wasu.

Filin yana da masu shi

Tun kafin zuwan Sifaniyawa mutanen yankin suke sare gishiri tubali-tubali, su ɗora wa lama, dabba dangin raƙumi marar tozo, su yi makonni suna gangarawa kwaruruka masu ɗumi su musanya shi da masara. Wanda ya san ayarin raƙuman da ke ɗauko kantu daga Bilma da Fachi ya ratsa Tenere ya kawo ƙasar Hausa a karɓi gero, ya san irin wannan fatauci ba sai an yi masa dogon bayani ba. A yankin Uyuni mota ta kusa kashe ayarin lama. A gefen filin ake noman kinwa, ƙwaya mai kama da acca amma dangin alayyahu ce, wadda ke jure sanyi da gishirin da ba abin da ke jurewa. Ana kiwon lama, ana kuma kama bikunya, 'yar uwarta ta daji, a aske gashinta mai tsada a sake ta.

Ra'ayoyi sun rabu kan yawon buɗe ido. Masu goyon baya suna nuna cewa lardin Potosí yana cikin mafiya talauci a Bolibiya, kuma baƙi sun kawo aikin tuƙi, girki, masauki da sana'ar hannu a ƙauyukan da matasa ke gudu daga cikinsu. Kuɗin shiga gandun ma wani kaso nasa yana komawa ga al'ummomin ciki. Suna ƙarawa da cewa baƙo yana kallo ne ya tafi, ba ya haƙa rami. Masu kula da muhalli kuma suna cewa hamada ba ta warkewa da wuri. A Siloli, duk direban da gargada ta ishe shi sai ya buɗe sabon layi a gefe, har fili ya zama sawun taya jere-jere iya ganin ido, kuma inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba sawu yana shekaru bai goge ba. Akwai wani koren tsiro mai tauri da ke lulluɓe duwatsu, yareta, da ba ya ƙaruwa fiye da santimita ɗaya da rabi a shekara. Taya ɗaya tana murƙushe abin da ya ɗauki ƙarnuka. Filamingo idan aka matsa musu da mota ko jirgi marar matuƙi lokacin kwanci suna iya tashi su bar ƙwan. Ga shara, ga matsalar bayan gida a wurin da sanyi da gishiri ba sa barin komai ya ruɓe. Otal na farko da aka gina da gishiri a tsakiyar filin, ƙazantar da yake fitarwa ce ta jawo masa matsala da hukuma, shi ya sa waɗanda suka biyo baya suke bakin fili.

Mutanen Nijar sun san abin da mota ɗaya ke iya yi a fili mai kama da babu komai. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada ɗaruruwan kilomita babu wata, direban babbar mota ne ya buge ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Gasar tseren motoci ta Dakar ma da ta saba ratsa Agadas da Tenere, bayan an soke ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, ta riƙa bi ta Bolibiya daga 2014 zuwa 2018. Gwamnatin Bolibiya ta lokacin, ta Evo Morales, ta ɗauke ta tallan ƙasa, kuma lalle ta ƙara wa Uyuni suna. Masu muhalli da masu binciken kayan tarihi kuwa sun yi ta sukar ta.

Litiyam da ruwa

Ruwan gishirin nan na ƙarƙashin ɓawo yana ɗauke da litiyam, ƙarfe marar nauyi da ake yin batirin waya da na mota mai lantarki da shi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta abin da Bolibiya ke da shi ya haura tan miliyan 20, cikin mafi yawa a duniya. Samunsa a ƙasa daban, fitar da shi da riba daban. Hanyar da aka saba ita ce a zuƙo ruwan a zuba a manyan kududdufai, rana ta ƙafar da shi cikin watanni masu yawa. Ruwan Uyuni yana da yawan wani sinadari, maganiziyam, kusan ninki uku na wanda ke filin Atacama a Cile, kuma raba su yana da tsada. Damina ma tana tsinka kududdufan. Gwamnati ta fara aikin a 2008, ta kafa kamfaninta na YLB a 2017, ta buɗe masana'anta a Llipi, a kudancin filin, a ƙarshen 2023, amma har yanzu abin da take fitarwa kaɗan ne idan aka gwada da maƙwabtanta. Yarjejeniyar da aka ƙulla da wani kamfanin Jamus an soke ta a Nuwamban 2019 bayan zanga-zanga a Potosí. Waɗanda aka ƙulla daga 2023 da kamfanonin Sin da Rasha, kan sabuwar dabarar tsamo litiyam kai tsaye ba tare da jiran rana ba, su ma sun gamu da turjiya daga 'yan majalisa da al'ummomin yankin.

Turjiyar tana da tushe. Tun 1545 ake kwasar azurfa daga dutsen Cerro Rico na Potosí, ta gina daular Sifen, ta ci rayukan 'yan ƙasa da bayin da aka kawo daga Afirka, garin kuma ya rage da talauci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tambayarsu ta farko nawa ne kason yanki, ta biyu kuma daga ina za a samo ruwan daɗin da masana'antar ke buƙata. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na wannan yanki yawancinsa tsohon ajiya ne, abin da sama ke mayarwa kaɗan ne. A Atacama, inda aka daɗe ana haƙar, wani bincike na 2022 ya danganta raguwar nau'i biyu na filamingo da aikin. Masu goyon bayan haƙar suna amsawa da cewa masana'antar tana kusurwa ɗaya ce a kudancin fili mai girman gaske, ƙasar tana matuƙar buƙatar kuɗin waje tun da iskar gas ɗinta ta ja baya, kuma duniya ba za ta bar man fetur ba sai da batir. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ya wajaba shi ne a auna ruwan yankin a bayyana wa jama'a sakamakon kafin a sa hannu, domin manomin kinwa, makiyayin lama, mai masauki da tsuntsun jan tafki duk daga ajiya ɗaya suke sha.

Abin da ake hange

Baƙi ba za su ragu ba. Akwai filin jirgi a Uyuni, an shimfiɗa kwalta daga Oruro da Potosí, kuma kowane sabon hoto talla ne. Filin gishirin kansa yana da ɗan sauƙi, don damina tana narkar da samansa ta goge sawu. Tafkuna da hamadar kudu su ne ba su da mai goge musu. A nan gyaran ba mai wuyar ganewa ba ne: hanya ɗaya tabbatacciya da ake gyarawa don direba ya daina kaucewa, iyaka ga yawan motoci lokacin ƙyanƙyasa, duba lafiyar mota da sa'o'in direba, da fitar da shara zuwa gari. Hana zuwa gaba ɗaya zai cutar da talakan yankin, ya kuma bar filin ga masu haƙa su kaɗai.

Ga wanda Allah ya hore wa hali yake niyyar zuwa, ya fara da asibiti: ya san rukunin jininsa na sikila, ya gaya wa likita tsayin da zai hau, musamman in yana da ciwon zuciya ko huhu, ko mace mai juna biyu. Ya yi kwana biyu ko uku a tudu kafin ya shiga mota. Ya tanadi baƙin tabarau, don hasken rana a kan gishiri yana ƙona ido, da kayan sanyi masu kauri. Kafin ya biya, ya nemi ganin motar da idonsa, ya tambayi ɗamarar kujera da oksijin da hanyar kiran agaji, kuma kada arha ta ja shi. In ya isa jan tafki, ya tsaya inda aka ce a tsaya, ya roƙi direbansa ya bi sawun da ya tarar.